Ba a Riga Gidan Tambaya Ganin Wata

Juma'a, 2 ga Azumi, bayan la'asar

Har na yi ritaya daga koyarwa ban taɓa zama na rubuta abin da ke raina ba. Yau sai na rubuta, don in na buɗe baki zan zagi mutum, ga ni da azumi.

Wai idona ne ya sami matsala. Ni, Ɗangiwa na gidan Tambaya. Duk wanda ya san garin nan, daga nan har Fakku, ya san abin da ake nufi in an ce gidan Tambaya. Ranar ashirin da tara ga wata mutane su hau tudun da ke yamma da gari, namiji ɗaya daga gidanmu ya tsaya a kan falalen dutse, kowa yana bayansa. Ba mai nuni, ba mai cewa uffan, sai shi ya ɗaga hannu ya ce ga shi can. Sannan a sauko wurin Maigari, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ya gani da idonsa, a aika Kebbe, daga can labari ya yi sama. Kakana ya tsaya a kan dutsen nan, ubana ya tsaya, ni ma tun gemuna yana baƙi nake tsayawa. Ko yaron goye ya san ba a riga gidan Tambaya ganin wata.

Shekaranjiya muka hau duban watan Azumi. Ban gani ba. Ba a gan shi ba ke nan, muka sauko. Bayan isha'i rediyo ya ce an gani a wasu garuruwa, aka tashi da azumi. To sai me? Ko zamanin Baba an yi haka. Ranar yamma ta yi fari fat, ba abin da ido zai kama.

Amma 'yata Naja'atu, da ke aikin jinya a Tambuwal, sai ta kira ni a waya tana wani sassauta murya. "Baba, ka tuna abin da likita tac ce?" Na kashe wayata.

Asabar, 3 ga Azumi, da hantsi

Bari in rubuta yadda aka yi, don kada gobe a sauya min zance.

A tsakiyar Sha'aban Naja'atu ta matsa sai na je Tambuwal, wai wasu masu bincike sun zo suna auna idon dattawa. Na je don in faranta mata, kuma don yara su ga abin da ake kira ido. Allon haruffan nan na bango na karance shi har layin ƙasa, har na ɗora da ƙananan rubutun da ke gefe wanda ba a ce in karanta ba. Likitar, wata Raliya, da kaɗan ta girmi Naja'atu, ta ce ma sha Allah.

Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Sai ta jawo wata na'ura mai dogon wuya, ta rufe min ido ɗaya ta ce in leƙa da ɗayan. A ciki akwai zoben haske yana ƙiftawa, a tsakiyarsa wani ɗan faifai da aka raba biyu, hagu da dama, kowane ɓangare yana rawa. Ga maɓalli biyu a ƙarƙashin yatsuna, wai in danna ɓangaren da ya fi rawa. Na ce in ban tabbata ba fa? Wai in canka. Ni da aka hora tun ina yaro kada in faɗi abin da ban tabbatar ba, yau yarinya ce take ce min in canka.

Na danna, na danna, har yatsana ya gaji. Na'ura ta fitar da wata lamba, likita ta daɗe tana kallonta. Sannan ta juyo da Hausarta irin ta rediyo.

"Baba, wannan ba kaifin gani take aunawa ba. Hasken da ke watsewa a cikin ido take aunawa. Ido mai lafiya yana tara haske wuri ɗaya. Naka yana tarawa, amma wani kaso yana fantsama ko'ina, ya zama kamar farin labule. A inuwa za ka ga allura a ƙasa. In haske mai ƙarfi yana gabanka, abu siriri zai ɓace maka. Naka ya ninka na sa'anninka kusan sau huɗu."

Ta faɗi sunan ciwon. Ba zan rubuta shi ba.

Na ce mata, "Ɗiyata, ido ba mudu ba na, amma ya san kima. Ke kau kin kawo mudu za ki awon ido." Ta yi dariya. Ni ba wasa nake ba.

Litinin, 5 ga Azumi, bayan azahar

Zafi. Batula, matata, ta ce in daina hararar bango, bai yi min komai ba.

Laraba, 7 ga Azumi, bayan buɗa baki

An baza zancen. Na tabbata an baza shi.

Da yamma ina dawowa daga lambu, rana tana dukan fuskata, duk wanda ya gaishe ni sai ya haɗa da sunansa. "Malam, ni na, Siddiƙ." Siddiƙ fa, wanda na koya wa riƙe alƙalami, na san muryarsa tun tana siririya, shi ne yake gabatar min da kansa kamar baƙon da ya sauka a tasha. Wa ya tambaye shi?

Ruwa ba ya tsami banza. Naja'atu ta gaya wa uwarta, uwarta ta kai gidan suna, shi ke nan an gama da ni. Na tsare Batula a bakin murhu. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Wallahi Malam ban faɗa ma kowa ba. Mi za ni faɗi, tunda kai kac ce ba komi?"

Ba ta taɓa rasa amsa ba, matar nan, tun ranar da aka kawo ta.

Asabar, 10 ga Azumi, da hantsi

Jiya ƙanena Maccido ya shigo yana sosa ƙeya, wai Maigari ya aiko shi ya tambaya ko ya yi min laifi ne. Wai ranar Alhamis da yamma na wuce shi a ƙofar gidansa, kusa da kusa, ban gaishe shi ba.

Wa ya ce mutum ya zauna rana tana bayansa? Duk faɗin ƙofar gidan nan ya rasa wurin zama sai nan? Na ga wani abu baƙi a gindin bango, na ɗauka buhunan gero ne.

Yau da sassafe na je na ba da haƙuri, don ni ba a san ni da raini ba. Ya karɓe ni da fara'a, har da jan hannuna. Har na miƙe zan tafi sai ya ce, yana kallon tabarma, "Malam, bana ko Maccido shi tsaya kusa da kai bisa dutse? Ko don shi koya."

Shi koya! Maccido da furfura ta cinye wa kai, yana da jikoki, yau ne zai koya. Na ce, "Ranka shi daɗe, dutsen mutum guda shi ka ɗauka." Na sa takalmana. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle dutse.

Laraba, 14 ga Azumi, bayan tarawihi

Wata ya cika. Ya fito da wani farin rawani kewaye da shi, gefensa duk gashi-gashi. Na ce wa Batula ga shi nan, sama ba ta wanke ba bana, shi ya sa ba a ga na farkon wata ba. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Sai ta ce in sha kununa kada ya huce.

Lahadi, 18 ga Azumi, bayan azahar

Babur yana wurin gyara. Ba abin da ya same ni, ɗan ƙujewa ne a gwiwa.

Direbobin yanzu ba su da tarbiyya. A da in mota ta hango babur sai ta rage fitila. Yanzu sai su dallare ka da wata farar fitila, hanya ta ɓace, rami ya ɓace, kai ma ka ɓace. Hanyar Kebbe kuma kowa ya san yadda take. Ba laifin idon kowa ba ne.

Na hana a gaya wa Naja'atu.

Talata, 20 ga Azumi, bayan isha'i

Na koma Tambuwal. Na ce a sake, don wancan karon da gajiyar hanya na shiga. Wannan karon na shirya. Tun ranar Juma'a nake sa kwallin da aka kawo min daga Makka, na yi barci sosai, na hau kabu-kabu na rufe idona da rawani har muka isa, don kada iska ta taɓa shi.

Likita Raliya ba ta yi musu ba, ta jawo na'urarta. Zobe ya ƙifta, faifai ya yi rawa, na danna da natsuwa kamar mai jan carbi. Ido na dama, ido na hagu. Lamba ta fito, ita ce dai ta rannan. Na ce na'urar ƙasar sanyi ce, ba ta san idon mutumin Kebbe ba.

Sai ta ce in kalli allon bango. Na karanta har ƙasa, da ƙarfi, don na waje su ji. Ta ɗauko 'yar tocila ta tsaya gefen allon ta haska wajen fuskata, ta ce in sake karantawa.

Ba zan rubuta abin da ya biyo baya ba. Tocilar tana da ƙarfi ƙwarai, ba irin ta kasuwa ba ce.

Ta zauna ta tambaye ni wai me ya sa abin ya dame ni haka, tunda na daina aiki. Ban yi niyya ba, amma na ba ta labarin tudu da dutse da rantsuwa. Sai ta ce:

"Baba, jinjirin wata siriri ne kamar zare, kuma a cikin hasken faɗuwar rana yake tsayawa. Da za a ce in ƙirƙiro jarrabawa mafi wuya ga ido irin naka, ita ce wannan."

Ta ce aiki ne ƙarami, a cire abin da ya yi hazo a sa wani mai haske, amma sai bayan Sallah masu aikin za su zo. Na ce in an yi zan koma ganin wata? Ta ce tana sa rai, amma ba za ta yi min alkawari ba. Ita ma ashe ba ta rantsuwa a kan abin da ba ta gani ba. Wannan kaɗai na yaba mata.

Da zan fita na tambaye ta wa ta gaya wa a garinmu. Ta ce ko sunan garin ba ta riƙe ba.

Laraba, 21 ga Azumi, da hantsi

Likita ba ta faɗa ba. Naja'atu ta rantse. Batula ta rantse. To aljanu ne suka yi shela a kasuwa?

Asabar, 24 ga Azumi, bayan buɗa baki

Na hau tudu ni kaɗai da dabino a aljihu. Ba gwaji na je yi ba, iska na je sha.

Rana ta faɗi, yamma ta yi fari, irin farin rannan. Akwai wata kuka can nesa da muke kwatance da ita tun zamanin Kaka. Na ga gindinta, rassanta na sama kuwa sun narke cikin farin. Da na juya gabas ina iya ƙirga awakin da ke shiga gari. Wannan wane irin wulaƙanci ne, ido ya yi maka aiki a ko'ina ban da wuri ɗaya da ake bukatarsa?

Amma na san inda jinjirin watan Sallah zai tsaya. A wannan lokaci na shekara, dama da kukar, sama da reshen da ya karye, kamar tsawon tafin hannu. Ko ido rufe zan iya nunawa. In na ɗaga hannu can na ce ga shi, masu ƙuruciya za su duba su same shi, a yi kabbara, rediyo ya tabbatar daga baya. Ba wanda aka cuta.

Ranar da Baba ya fara ɗora ni a kan dutsen, ya riƙe kunnena ya ce, "In ba ka gani ba, bakinka shi yi nauyi. Azumin mutane bisa wuyanka shi ke." Ban san me ya sa na tuna da wannan yau ba. Shi ai har ya rasu idonsa garau, magana ba ta yi masa wuya ba.

Talata, 27 ga Azumi, bayan la'asar

Sanin wuri ai rabin gani ne.

Rabi.

Alhamis, 29 ga Azumi, da hantsi

Batula ta wanke min farar riga ta goge. Naja'atu ta iso hutun Sallah, ta ga gwiwata, ta wanke ta sa magani ba ta tambaye ni komai ba. Maccido ya leƙo ya gaishe ni ya fita da sauri. Kowa a gidan nan yana tafiya a hankali kamar akwai majiyyaci. Ni lafiyata ƙalau.

Rana ba ta ƙarya.

Juma'a, ranar Sallah, bayan an sauko daga idi

An yi Sallah. Watanmu ne, na tudunmu, ba na rediyo ba. Ina cike da haushi, amma sai na rubuta.

Jiya mun hau kamar kullum. Na tsaya a kan dutse, maza a bayana, mata can ƙasa. Rana ta faɗi, aka tauna dabino aka kurɓi ruwa, kowa ya fuskanci yamma. Fari. Na murza ido, na ƙanƙance shi, na kare da tafi. Fari dai. Na kafa ido dama da kuka, sama da karyayyen reshe, na ji hannuna na dama ya taso da kansa har ƙirjina. Kalmomin suna kan harshena.

Abin da ya tsayar da ni ba tsoron Allah ba ne da farko, kada in yi wa takarda ƙarya. Shiru ne. Na daɗe a kan dutsen nan, na san shirun masu nema: ana jan ƙafa, ana sauke numfashi, wani yana istigfari ƙasa-ƙasa. Na jiya ba shi ba ne. Ba mai motsi ko ɗaya, kamar mutanen da suka gama cin abinci suna jiran babba ya tsame hannu. Kuma na taɓa jin irinsa, ranar duban watan Azumi.

Sai na yi abin da ɗan gidanmu bai taɓa yi ba. Na ba yamma baya.

Da haske ya koma bayana sai ga komai tas. Fuskokinsu duka, har ramin kuncin Siddiƙ, har furfurar girar Maccido. Gari guda, ido a wuri ɗaya. Ba nema suke ba, kallo suke. Kuma ba inda zan nuna suke kallo ba, sun ɗan karkata hagu, sama da kukar kanta. Da na ɗaga hannun nan, da gefe na nuna, kowa yana gani. Kuma na san su, da kabbara za su yi, su raka ni in dafa Alƙur'ani, su rufa min asiri har in shiga kabari ban sani ba.

Suna ganin na juyo duk suka sunkuyar da kai.

Na ce, "Wa yag gani?" Maigari yana gyara bakin rigarsa.

"Maccido, don girman Allah, ka gani?"

"Na gani, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun muna tamnar dabino."

"Na Azumi fa?"

"Mun gane shi, Yaya. Muna kallo nai har yaf faɗi."

"Kunka yi shiru? Gari guda kunka ga watan Azumi, kunka koma gida kuna jiran rediyo?"

"Ba a riga gidan Tambaya," in ji shi, murya ƙasa.

"Kai ɗan gidan wa na?"

Ban san na yi tsawa haka ba sai da na ji wata mata ta yi salati daga ƙasa. Na damƙo hannun rigarsa na jawo shi kan dutse, ni na sauka. Na ce ya yi sauri kafin watan ya faɗi kamar wancan. Ya tsaya ya ɗaga hannu ya ce ga shi can. Tudu ya ɗauki kabbara. Ni ma na yi, ina kallon farin.

Shi ya shiga wurin Maigari ya rantse. Ni na tsaya a waje da takalmana a ƙafa, mutane suna wucewa suna gaishe ni, kowa da sunansa.

A gida na ce wa Batula yanzu na gane ba wanda ya baza zance. Tana tuƙa tuwon Sallah ta ce, "Ai tun bara aka faɗa maka suna da marece, Malam. Bana kaj ji." Tun bara. Na'urar da ba ta san sunan ubana ba ta gaya min kafin ruwan shayi ya tafasa, mutanen da na koyar da 'ya'yansu kuwa suka bar ni ina tsayawa a gabansu ina zare ido a sama. Wai kunya. Wai girmamawa. Har azuminsu suka yarda ya dogara da rediyo don kada raina ya ɓaci. To ya ɓaci, kuma ban yafe ba tukuna, ko da yake yau Sallah ce kuma na ce wa kowa na yafe.

A filin idi na ce wa Maigari daga yau duk wanda ya gani ya faɗa, ko baƙon Bafillace ne mai wucewa da shanu. Ya ce, "Sai yadda gidan Tambaya yac ce." Ka ji fa. Ko wannan ma sai da izinina.

Na ce wa Naja'atu ta gaya wa likitarta zan zo a cire yanar. Ga shi na rubuta sunan ciwon.

Ranar dai, kafin magariba

Yau wata zai fi jiya kauri, kuma zai daɗe bai faɗi ba. Batula ta ce in duhu ya ɗan shiga za ta nuna min shi da yatsa. Na ce ta riƙe yatsanta.

Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida tana fuskantar yamma. Ban ce ta ɗauke ba.